Maɓallin wanke kai na obin ɗinki ba wanki yake ba, ƙonawa yake

Hajiya sannu da ƙoƙari, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce ƙaninki ya aiko miki da obin na lantarki daga Ingila, irin wanda ake cusawa cikin kabat, kina sana'ar kek da mitfai da shi wajen shekara guda, cikinsa ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, sai rannan kika ga wani maɓalli an rubuta "Pyrolysis" kika danna, ƙofa ta kulle kanta, hayaƙi ya fara fitowa, kika tsorata kika je kika kashe daga bango. Yanzu kina tambaya ko abin yana da haɗari, kuma ko za ki iya sake gwadawa tunda Sallah ta matso kina da oda da yawa. Ni aikina kenan gyaran kayan kicin na lantarki da na gas, na fi shekara goma ina buɗe bayan irin waɗannan na'urorin a Kaduna da Abuja, to bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki.

Da farko dai sunan ne yake yaudarar mutane. In aka ce obin yana wanke kansa sai mutum ya ɗauka akwai ruwa ko wani sabulu a ɓoye kamar injin wanki. Babu ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya ɗaga zafin cikinsa zuwa wajen digiri 480 ko 500 ya riƙe shi a nan awa biyu zuwa uku, wasu har huɗu, har sai duk kitsen da ya manne a bango da rufi da ƙasa ya ƙone ya koma toka, ke kuma in ya huce ki sa tsumma ki share. Ki kwatanta, kek ɗinki a 170 ko 180 kike gasa shi, iyakar da maɓallin zafi yake kaiwa a girki na yau da kullum 250 ne ko 275. Wato wannan kusan ninki uku ne na zafin kek. Shi ya sa ƙofar take kulle kanta, ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi, don in aka buɗe ƙofa a wannan zafin iska ta shiga, kitsen da yake cin kansa a hankali zai tashi da harshen wuta ya nufo fuskar mai buɗewa. Fasahar ma ba sabuwa ba ce, kamfanin General Electric na Amurka ne ya fara fito da ita tun 1963, mu ne dai ba ta iso mana da yawa ba sai yanzu da kayan Turai suka cika kasuwa. To ni dai kullum abin da nake gaya wa kwastomomina, ranar da za ki danna maɓallin nan ki ɗauka wuta kika hura a tsakiyar kicin, duk abin da za ki yi wa murhun gawayi mai ci a cikin ɗaki shi ma ki yi masa.

Kafin in ci gaba, don wasu da za su karanta kada su ruɗe, ba kowane obin da aka ce yana tsaftace kansa ne yake wannan ƙonawar ba. Akwai na tururi, wanda za ki zuba kofi ɗaya na ruwa a ƙasansa ya ɗan ɗumama na minti ashirin ko talatin datti ya yi laushi ki goge, wannan ba ya kulle ƙofa kuma ba shi da wata fargaba, amma gaskiya ba ya iya wa tsohon maiƙo. Akwai kuma masu wani bango mai kaushi kamar takardar goge katako, shi yana tsotse kitsen ne yana cinye shi a hankali yayin da ake girki da zafi sama da 200. Yawancin murhunan girki masu ƙafa (kuka) da ake sayarwa a kasuwanninmu, masu kai huɗu na gas da obin a ƙasa, ba su da ko ɗaya daga ciki, hannu ne kawai. Naki tunda ya kulle ƙofa kuma an rubuta waccan kalmar, mai ƙonawar ne, a na Amurka "Self Clean" za ki ga an rubuta.

Yanzu hayaƙin da kika gani. Kusan na tabbata ba lalacewa ba ce, maiƙon shekara guda ne kika tura wuta lokaci ɗaya. Kuskuren da kowa yake yi kenan, a bar obin ya yi kaca-kaca sannan a ce ai zai wanke kansa. An ƙera shi ne don ya ƙone ɗan abin da ya rage a manne wanda hannu ya kasa, ba kwatamin kitsen kaza da ya taru a ƙasa ba. Man girki in ya taru yana kamawa da kansa ba tare da ashana ba tun kafin a kai wannan zafin. Saboda haka kafin ki danna komai, obin yana sanyi, ki sa tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke ki kwashe duk abin da zai kwasu, ɓurɓushin fulawa, cukui da ya zubo, kitsen da ya daskare a lungu, ki kankare da abin roba ko na katako ba wuƙa ba. Ke mai kek ki fi kula da sukari, duk inda kwaɓi ko ruwan sukari ko jam ya zubo ki tabbata kin ɗauke shi, sukari in ya ƙone hayaƙinsa mai ɗaci ne sosai kuma yana iya cin fentin tangaram ɗin cikin ya bar tabo da ba ya fita har abada.

Sai ki fitar da komai, komai fa nake nufi. Ragar ƙarfen nan mai sheƙi da ake ɗora tire, in kika bar ta ba narkewa za ta yi ba amma za ta dushe ta koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, ta yi kaushi ta daina zamewa, kullum sai kin yi kokawa da ita. Ƙarafunan gefe da ragar take hawa su ma a yawancin na Turai ana ciro su, musamman masu zamewa kamar durowa, akwai ƙananan ƙwallaye da man shafawa a ciki da zafin zai cinye. Sai in littafin na'urar ya ce naki an yi su don su zauna, akwai irinsu amma ba su da yawa. Tire mai baƙin shafi wanda abinci ba ya kamawa, wannan kam kada ki kuskura, shafin Teflon yana fara lalacewa daga wajen digiri 260 kuma hayaƙinsa guba ne. Foyil da mata suke shimfiɗawa a ƙasan obin don tare maiƙo, ki ɗaye shi tas, yana mannewa da tangaram ya zama ɗaya da shi, na ga obin da yawa da aka ɓata da wannan, ba abin da zan iya yi musu. Sannan mu a nan obin ai rabinsa kabat ne, tukwane, murafe, roba, leda, har burodi ana ɓoyewa saboda yara. An taɓa kirana wani gida a Barnawa, 'yar aiki ta tura robar kwaɓa kek da cokulan awo can ƙurya, uwar gida ba ta leƙa ba ta kunna, ƙofa ta kulle, suna kallo ta gilashi roba tana narkewa tana ci da wuta ba halin buɗewa, warin nan ya fi sati biyu a gidan har labulen falo sai da aka kai wanki. Ki kunna fitilar ciki ki duƙa ki leƙa da idonki, kada ki tambayi kowa. In akwai durowa a ƙarƙashin obin ita ma ki kwashe, haka tawul da kike ratayewa a hannun ƙofa.

Bakin ƙofa akwai wata igiya mai laushi kamar saƙa da ta zagaye, ita take hana zafi fita. Kada ki goge ta da soson ƙarfe, kada ki ja ta, kada ki jiƙa ta da magani, ki dai duba ko ta yage ko ta saki a wani wuri. In ta yage to maganar ƙonawa ta tsaya sai an canza, don zafin digiri 500 zai riƙa tsiyayowa ta wurin yana dukan maɓallai da katakon kabat. Wajen igiyar kuma, wato firam ɗin ƙofa da gefen gilashi, zafin ba ya kaiwa sosai, in kika bar datti a nan gasuwa zai yi ya ƙara kamawa, ki goge shi da hannu tun farko. Gilashin ma ki duba, in akwai tsaga ko wani zurfin karce kada ki kunna, gilashin ƙofar obin in zai fashe ba ya tsagewa a hankali, tarwatsewa yake gaba ɗaya kamar na mota.

Maganin fesawa na wanke obin da ake sayarwa a manyan shaguna, yawancinsu soda mai ƙuna ce a ciki, irin ta haɗa sabulu. Ba a haɗa shi da wannan obin ɗin. Ko kin goge, abin da ya rage a lungu in ya sha zafi yana cin tangaram kuma hayaƙinsa yana shaƙe maƙogwaro. In kin riga kin taɓa fesawa ki ɗauraye sosai da ruwa sau da yawa kafin ki kunna.

To yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki, don wannan littafin da ya zo da obin ba zai faɗa miki ba, waɗanda suka rubuta shi ba su san ana ɗauke wuta ba. Obin na cikin kabat yana da wata fanka a samansa, ba wadda kike gani a ciki tana juya iska ba, wata ce a ɓoye, aikinta ta riƙa hura iska a kan allon na'ura, wato ƙwaƙwalwar obin, da wayoyi da ƙofar don kada zafin ciki ya dafa su. Ita ce kike jin tana ci gaba da ƙara ko bayan kin kashe obin. To a tsakiyar ƙonawa in wuta ta tafi, ko kika kashe daga bango yadda kika yi, fankar nan ta tsaya cak, amma cikin obin yana nan da zafin digiri ɗari huɗu da wani abu, ba inda zai bi sai sama, ya hau kan allon. Abin da yake biyo baya ko dai wani ɗan fis na zafi da aka sa don kariya ya yanke, obin ya mutu gaba ɗaya ko fitila ba za ta kama ba, wannan da sauƙi ana canzawa, ko kuma allon da kansa ya gasu, shi kuma na Turai ba a samunsa a nan cikin sauƙi, sai an yi oda an jira makonni, wani lokacin kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin obin. Yawancin obin masu ƙonawa da aka kawo min a mace labarinsu ɗaya ne, ana cikin yi Nepa ta ɗauke. Ke Allah ya taimake ki da alama kin kashe da wuri kafin ya kai ƙololuwa, tunda kin ce yana aiki har yanzu. Gaba in kina so ki tsayar, ki danna maɓallin tsayarwa a jikinsa ki bar wutar bango a kunne, fanka ta yi aikinta har ta yi shiru da kanta.

Wannan yana nufin sai kin zaɓi lokacin da kika san wutar unguwarku. Ba awa ukun ƙonawa kaɗai ba, ki ƙara awa ɗaya ko fiye na hucewa, wato kina buƙatar wuta tsayayya ta awa huɗu zuwa biyar ba ƙiftawa. In kuna Band A da ake cewa awa ashirin a rana to da dama-dama, duk da haka kin fi ni sanin lokacin da suka saba ɗaukewa. In wutarku irin mai zuwa tana tafiya ce, ko mai rauni da fanka take juyawa da ƙyar da yamma, gaskiya ni ban ba ki shawarar amfani da maɓallin nan ba sam. Janareta kuma, ki duba takardar da aka manna a gefen ƙofar obin za ki ga ƙarfinsa, yawancin irin naki kilowat 3 ne zuwa 3.5. Injin da aka rubuta 3.5kVA abin da yake bayarwa na gaske bai wuce kilowat 2.8 ba, ga firji ga fanfon ruwa a kai, ba zai ɗauka ba, ƙaramin inji kuwa ba a ma maganarsa. Babban injin dizal wanda yake ɗaukar gida da na'urorin sanyaya ɗaki zai iya, in kin tabbata akwai mai kuma ba wanda zai juya layi zuwa Nepa a tsakiya. Inbata da batir ki bar su su huta, awa uku na wannan nauyin zai tsotse su. Maganar kuɗi ba ta kai yadda ake tsoro ba, ko a ce yana jan kilowat 3 ba tsayawa na awa uku yunit 9 kenan, kuma ba ya kaiwa haka don yana kamawa yana saki, ko da a kuɗin Band A da ya haura naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024 wajen dubu biyu ne kawai.

Sai wayar da aka ja masa. Dan Allah ki duba min wannan yau ɗin nan. Kilowat 3 a wutarmu ta 230 amfiya 13 kenan daidai, wato iyakar abin da filogi mai baki uku yake ɗauka, kuma da yawa daga masu ƙonawa na Turai amfiya 16 suke so, an yi su ne a haɗa su kai tsaye da waya ba filogi ba. Abin da nake tararwa a gidaje shi ne wani ya ɗaura masa filogi ya cusa a soket ɗin da ake sa bilenda, wani lokacin ma ta kan doguwar waya mai baki da yawa. A gashin kek na minti arba'in zai wuce lafiya shi ya sa ba a ganewa, amma awa uku yana ja sai soket ya yi zafi ya narke a bayan kabat inda ido ba ya gani, gobarar da nake tsoro kenan fiye da ta cikin obin. Ya kamata ya samu layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta, waya mai kauri aƙalla 2.5mm² ta jan ƙarfe na gaske ba jabu ba, da birekarsa, da wayar ƙasa mai aiki. In kin ga soket ɗin ya yi ruwan ƙasa ko yana warin ƙonannen roba ki kira mai wayarin kafin komai. Wanda kuma nasa daga Amurka aka kawo, wannan wani babi ne, tsarin wutarsu daban, suna haɗa 120 da 240 a na'ura ɗaya, ba a jona shi haka kawai a nan.

Kabat ɗin ma abin dubawa ne. Kafintocinmu suna son aiki ya fito sumul, sai su rufe bayan obin ruf da katako ba ko ramin iska, alhali masu ƙera shi sun ce a bar sarari a baya kuma katako da gam ɗin da ke kewaye su iya jure zafi har wajen digiri 90. In kin lura leda ko fatar da aka manna a ƙofofin kabat na gefen obin ta fara ɗagowa tun a girki na yau da kullum, to a ƙonawa sai ta kware. Ki buɗe ƙofofi da durowoyin da suke maƙwabtaka da shi ki kwashe mai, ashana, maganin sauro na fesawa, robobi. Tukunyar gas kuma in a cikin kicin take kamar yawancin gidaje, ki rufe kanta, in tana jingine da kabat ɗin obin ki fitar da ita waje ranar, ki duba tiyon bai bi ta bayan obin ba, na sha ganin haka wallahi. Kuma kada ki kunna kan gas ki ɗora girki a saman obin yana cikin wannan aikin, ki gama girkin rana tukuna ko ki yi a waje.

Iska. Ko kin share yadda kika share sai an samu hayaƙi da wari, musamman awa ta farko. Kitse in yana ƙonewa a rufaffen wuri yana fitar da kabon monoksaid, iskar nan da take kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida ko suka shiga ɗaki da gawayi lokacin sanyi, ba ta da wari ba ta da launi. Abin da obin yake fitarwa bai kai na janareta ba, kada in tsorata ki, amma a ƙaramin kicin mai taga ɗaya a rufe yana isa ya sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, in wani ya ji haka a fita waje nan take. Ki buɗe tagogin kicin da ƙofar baya, ki kunna fankar zuƙe hayaƙi in mai fitarwa waje ce, yawancin na gidajenmu tacewa kawai suke su dawo da iskar cikin kicin, wannan ba ta da amfani a nan. Ƙofar da ta haɗa kicin da falo ki rufe ta. Mai asma, jariri, mai ciki, tsoho mai ciwon ƙirji, su koma can wani ɓangaren ko tsakar gida. Tsuntsu kuwa, in kuna da aku ko kanari a keji, ko 'yan tsaki da ake reno a kwali a lungun kicin, a fitar da su nesa, huhunsu ba kamar namu ba ne, hayaƙin da ke ba ki ma ji ba yana kashe su cikin ɗan lokaci, wannan har littattafan na'urorin suna gargaɗi a kai. Da safe ya fi, kina gida idonki biyu, ba da dare a kwanta barci ba, ba kuma ki kunna ki tafi biki ba. Ba sai kin zauna a kicin kina shaƙa ba, ki dai riƙa leƙowa. Yara kuma ki hana su shiga gaba ɗaya, gilashin ƙofar yana zafi fiye da yadda suka saba, kuma daidai tsayin mai rarrafe yake in obin ɗin na ƙasa ne.

In kika ga wuta ta kama a ciki ta gilashi, 'yan ƙananan harsuna da suke tashi su mutu ba abin firgita ba ne, ragowar kitse ne. In ta yi girma, ki danna tsayarwa, ki bar ƙofar a rufe, kada ki yi ƙoƙarin ɓalle ta, kada ki watsa ruwa a gilashi mai zafi, iskar ciki kaɗan ce wutar za ta cinye ta ta mutu da kanta. Wuri ɗaya ne zan ce ki kashe bireka duk da abin da na faɗa kan fanka, shi ne in baƙin hayaƙi mai kauri yana fitowa ba ya raguwa, ko kika ga wuta ko tartsatsi a wajen obin, ko kabat ya fara hayaƙi, a nan allo ba shi ne abin ji ba, ki kashe daga akwatin wuta, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana ko 112.

In kuma Nepa ta yi halinta a tsakiya, ba abin da za ki yi sai haƙuri. Ƙofar za ta zauna a kulle don sakatar da ɗan injin lantarki take aiki, sai da wuta. In akwai babban inji a tayar da sauri saboda fankar nan. In babu, ki buɗe kabat na kewaye iska ta shiga ki ƙyale shi. Wuta in ta dawo kuma ya huce, ki saita agogonsa, da yawa ba sa yin komai sai an saita agogo, yawanci sakatar za ta saki da kanta, in ta ƙi ki kunna shirin ƙonawar ki bar shi kamar minti ɗaya ki tsayar, sau da yawa wannan yana sa ta dawo. Abin da ban yarda ba shi ne a sa sukundireba a ɓanɓare, maigida ko mai gadi su zo suna gwada ƙarfi, gyaran minti goma sai ya koma canjin ƙofa.

Bayan ya gama ya buɗe, ki ƙara ba shi lokaci ya yi sanyi sosai, za ki tarar da farar toka ko mai ruwan toka a ƙasa, tsumma mai danshi ya isa. In akwai farin tabo da ya ƙi fita gishirin abinci ne, ɗan ruwan lemun tsami ko binega yana ɗauke shi. Ragar da kika cire ki jiƙa ta a baho da ruwan zafi da omo ta kwana, da safe soso kawai.

Maganar Sallah kuma, amsata a'a ce, kada ki yi yanzu. Ba don obin ɗinki yana da matsala ba, sai don wannan shirin shi ne aiki mafi wahala da na'urar take yi a rayuwarta, duk wani abu da ya tsufa yana jiran ranar mutuwa, fis ne, ƙarfen zafi ne, sakata ce, a ranar ƙonawa yake cikawa, kuma naki ba sabo aka kawo shi ba balle ki san abin da ya gani a can. In ya mutu saura sati guda Sallah da odar mutane a hannunki, ni kaina in kika kira ni ba lallai in samo kayan ba. Ki kwaɓa bekin soda na yin kek, ba soda mai ƙuna ba, da ruwa ya yi kauri kamar kunu mai kauri, ki shafe ƙasa da bango ban da ƙarfen zafi da fanka da igiyar ƙofa, ya kwana, ki goge da safe, zai rage miki fiye da rabi kuma kek ba zai ɗauki wari ba. Bayan Sallah da sati biyu, an gama gashin nama an huta, kin sa an duba waya da soket, sai ki zaɓi safiyar da wuta ta zauna ki yi, kuma ki zaɓi mafi gajeren lokaci a cikin matakan da yake ba ki, yawanci uku ne, in bai fita duka ba a sake wani watan. Ga mai sana'a irinki sau biyu ko uku a shekara ya wadatar in kina goge abin da ya zubo duk ranar da kika yi gashi. Ki turo min hoton takardar gefen ƙofar da na soket ɗin da aka jona shi in duba miki ko layin zai ɗauka.